Gwal Aikin Italiya: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙananan Garuruwan da ke Ƙera Shi

A shagunan gwal, daga Kano har Dubai, ba wuya ka ji mai shago ya ɗaga sarƙa yana cewa, "Hajiya, wannan fa aikin Italiya ne," daga nan kuma farashi ya ɗan motsa sama. Yawancin masu saye suna ɗauka wata ƙatuwar masana'anta ce a Roma ko Milan ke fitar da kayan. Alhali kusan duka suna fitowa ne daga wasu garuruwa da ko sunansu ba mu cika ji ba, kuma daga shagunan da ma'aikatansu galibi ba su kai goma ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan sana'a.

Wai Italiya tana da arzikin gwal ne a ƙasarta?

Ko kusa. Akwai 'yan ramukan da aka taɓa haƙa a gindin dutsen Monte Rosa can arewa, amma na Pestarena, wanda shi ne ya fi daɗewa yana aiki, an rufe shi a 1961. An sake jarrabawa a Furtei da ke tsibirin Sardinia a 1997, shi ma bai wuce 2008 ba. Gwal ɗin da maƙeran Italiya ke narkawa sayo shi ake yi, yawanci sanduna da aka tace a Suwizalan, sai kuma tsofaffin kaya da ake sake narkarwa. Abin da Italiya ke sayarwa shi ne hannu da inji da zane. Da wannan kaɗai, a ƙarshen shekarun 1990 ƙasar tana sarrafa kusan tan 500 na gwal a shekara, kuma ta daɗe babu wadda ta kai ta fitar da kayan adon gwal zuwa ƙetare.

To waɗanne garuruwa ne ake magana?

Manyan uku ne. Akwai Valenza a yankin Piemonte, a bakin kogin Po, garin da mutanensa ba su kai dubu ashirin ba. Nan ne gidan aikin hannu mai tsada, musamman dasa lu'ulu'u da sauran duwatsu masu daraja. Akwai Arezzo a Toscana, inda inji ya fi yawa, kuma daga nan ne mafi yawan sarƙoƙi ke fitowa. Sai Vicenza a Veneto tare da maƙwabtanta irin su Trissino da Bassano del Grappa, waɗanda suke tsakanin biyun: suna sarƙa, suna kayan matsakaicin farashi, suna kuma ƙera injinan da sauran maƙeran duniya ke amfani da su. Vicenza ce ke karɓar baje kolin Vicenzaoro, wanda asalinsa ya faro a 1954, ana kuma yin sa a Janairu da Satumba.

Na huɗunsu Torre del Greco ce, kusa da Naples, garin murjani. Bayan waɗannan akwai ƙanana da ba za a manta da su ba, kamar Campo Ligure, wani ƙauye a tsaunukan bayan Genoa, inda tun 1884 ake murɗa siririyar wayar azurfa ana saƙa ta ta zama kayan ado.

Da gaske ne sana'ar ta haura shekara dubu biyu?

Eh da a'a. Mutanen Etruria, waɗanda suka zauna a Toscana tun kafin Roma ta yi ƙarfi, gwanayen gwal ne na ban mamaki. Suna jera ƙwayoyin gwal masu ƙanƙanta kamar ƙura a jikin abin ado, su manne su ba tare da an ga alamar haɗi ba, abin da ya gagari maƙeran Turai har ƙarni na 19, lokacin da iyalan Castellani na Roma suka duƙufa wajen kwaikwayonsa. Arezzo tana cikin manyan biranen waɗannan mutane. Vicenza kuma tana da ƙungiyar maƙeran gwal mai rubutattun dokoki tun ƙarni na 14, ita ce kuma ta haifi Valerio Belli, wanda ya rasu a 1546, mai sassaƙa duwatsu da lambobin yabo da fafaroma suka riƙa ba shi aiki.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai masu talla suna son a ɗauka igiya ɗaya ce ta taho ba yankewa daga wancan zamani zuwa yau, kuma nan ne na ke ja da su. Maƙeran da can suna yi wa coci da sarakuna da attajiran garinsu aiki ne. Garin da kusan kowane gida ke cin abinci daga gwal, yana kuma sayar wa ƙasashen da mutanensa ba su taɓa takawa ba, sabon abu ne. Na Valenza ya fara a ƙarni na 19, na Arezzo kuwa bai cika shekara ɗari ba sai kwanan nan.

Ina labarin Florence da gadarta mai shagunan gwal?

Gadar Ponte Vecchio da mahauta da masu kifi ne a kanta. A 1593 sarki Ferdinando na Ɗaya na gidan Medici ya gaji da warin, ya kore su, ya ce maƙeran gwal kaɗai za su zauna. Har yau su ne a wurin, da mutum-mutumin shahararren maƙerin gwal Benvenuto Cellini a tsakiya. Florence ta horar da manyan gwanayen gini da sassaƙa, domin Brunelleschi da Ghiberti da Verrocchio duk a maƙerar gwal suka fara koyon aiki. Amma yau gadar wurin sayarwa ce ga 'yan yawon buɗe ido. Da yawa daga abin da ke cikin gilashin, daga Arezzo ko Valenza aka kawo shi.

Yaya aka yi ƙaramin gari kamar Valenza ya zama abin da ya zama?

A 1817 wani maƙeri mai suna Francesco Caramora ya zo daga wajen Pavia ya buɗe shago a garin, wanda a lokacin manoma da masu inabi ne suka cika shi. Ya ɗauki yara yana koya musu. Bayan rasuwarsa yaron shagonsa Pietro Canti ya ci gaba, shi ma ya yaye wasu. A tsakiyar ƙarnin Vincenzo Morosetti ya ɗauko ƙwararru daga wasu garuruwa, ya fara ƙera kaya don sayarwa a wajen Valenza. Sai Vincenzo Melchiorre, wanda ya yi aiki a Turin da Paris, ya dawo gida ya kafa nasa a 1873, ya zo da salon Faransa da ɗabi'ar dasa duwatsu masu tsada. Shi ne ya juya akalar garin zuwa kayan manya.

Abin lura shi ne yadda sana'ar ta yaɗu. Yaro ya shiga shago yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha huɗu, ya yi shara, ya ja waya, ya koyi haɗi da wuta, ya kai ga zama a teburinsa. In ya kai shekara talatin sai ya haɗa kai da ƙaninsa ko abokin aikinsa, su sayi tebur biyu da fitilar wuta, su buɗe nasu a ɗakin ƙasa na gidan iyayensu. Ubangidansa bai cika ɗaukar wannan a matsayin butulci ba, sau da yawa ma shi ne ke fara ba shi aiki. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya shagunan gomomi ne, bayan na Biyu suka zama ɗaruruwa, daga baya suka haura dubu. Kamfanin Damiani, wanda yanzu ya yi suna a duniya, haka ya fara a 1924, da mutum ɗaya, Enrico Grassi Damiani, da teburinsa. A 1945 maƙeran garin suka kafa ƙungiyarsu don su riƙa nuna kayansu ga baƙin masu sari a wuri ɗaya.

Arezzo fa, ita ma haka ta bi?

Tata hanyar ta ɗan bambanta, don uwa ɗaya ce ta haifi kusan kowa. A 1926 Leopoldo Gori da Carlo Zucchi suka kafa kamfanin Gori & Zucchi. Da gwamnati ta kawo dokar hatimin maƙera a 1934, su ne suka fara rajista a lardin, aka ba su lamba 1AR, wadda daga baya ta zama sunan kamfanin, UnoAErre. Su tun farko inji suka sa a gaba: zoben aure, lambobin addini, sarƙoƙi, duk da yawa kuma da rahusa. Zuwa shekarun 1960 ma'aikatansu sun haura dubu.

A daidai wannan lokaci tsohon tsarin noman raba-daidai na Toscana, inda manomi ke noma gonar mai ƙasa su raba amfani, yana rushewa. 'Ya'yan manoma suka kwararo gari suka shiga masana'antar. Waɗannan mutane ne da suka saba da iyali gaba ɗaya su yi aiki tare, su yi lissafin kansu, ba su saba jiran albashi ba. Da sun koyi aikin inji ɗaya sai su fita su sayi irinsa, mata da 'ya'ya su zama ma'aikata. Haka lardin ya cika da kamfanonin gwal sama da dubu.

Me ya hana su haɗuwa su zama manyan kamfanoni?

Domin garin kansa shi ne masana'antar. Zobe guda a Valenza yana iya bi ta hannu biyar ko shida, kowanne da shagonsa: mai zane, mai fitar da samfurin da kaki, mai zubi wanda ke narkar da kakin ya zuba gwal a gurbinsa, mai haɗi, mai dasa dutse, mai gogewa. Duka a cikin tafiyar minti goma da keke. Wanda ya san yadda babbar riga ke bi ta hannun masaƙi da marini da maɗinki da mai aikin wuya da mabugi kafin ta kai kasuwa ya riga ya gane tsarin. Mai odar kaya daga Amurka yana iya neman sabon salo yau, a kawo masa samfuri cikin 'yan kwanaki, abin da babbar masana'anta ba ta iyawa da sauƙi. In kasuwa ta faɗi, shagon iyali ya rage awanni ya jira. In ta tashi, a kwana ana aiki.

Masanin tattalin arziki Giacomo Becattini na Florence ya yi shekaru yana bayanin cewa ba kamfani ɗaya ya kamata a auna ba, gari gaba ɗaya za a auna, da ilimin da ke yawo a cikinsa daga shago zuwa shago, a gidan shan kofi da wajen biki. Hakan yake. Amma akwai dalilan da ba su kai wannan daɗin ji ba. Dokar ma'aikata ta 1970 ta tsaurara sharuɗɗan sallamar ma'aikaci ga kamfanin da ya haura mutum 15, don haka da yawa suka ga gara su tsaya ƙasa da wannan adadi, ko su raba shagon biyu. Ƙaramin shago kuma ya fi sauƙin ɓoye wa mai haraji wani abu, kuma ba asiri ba ne cewa cinikin bayan fage ya daɗe a harkar gwal ta Italiya.

Shagon mutum biyar ina zai samo kuɗin sayen gwal kilo-kilo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ita ce yawanci ba ya saye. Hanyoyi biyu ne. Ta farko, mai odar ne ke kawo gwal ɗinsa a auna, maƙeri ya sarrafa ya mayar masa da nauyinsa, ya karɓi ladan aiki kawai. Akan yarda da wani ɗan kaso da zai salwanta wajen narkawa da gogewa, kuma a kan wannan ɗan kaso ake yawan ja-in-ja. Ta biyu, banki ne ke ba da aron gwal ɗin kansa maimakon kuɗi. Maƙeri ya karɓi kilo kaza, ya riƙa biyan ɗan ruwa, in wa'adi ya yi ya mayar da gwal ko kuɗinsa a farashin ranar.

Wannan aro ne ya ba talaka mai hannu damar zama mai shago, kuma bankunan garuruwan ne suka ƙware a kai, irin su Banca Etruria ta Arezzo, wadda har ake kiranta bankin gwal. Manajan banki ya san mahaifin mai neman aron, ya san ko gidansu na cika alkawari. Haɗarin kuwa a fili yake: bashin nauyi ne, ba na kuɗi ba. In farashin gwal ya ninka, bashinka ya ninka, ko da ladan aikinka bai ƙaru da sisi ba.

An ce har sharar shagon ba a zubarwa?

Ba a zubarwa. Ƙarƙashin kowane tebur akwai fata ko aljihun da ke tare garin gwal. Ruwan wanke hannu ana tace shi, tsummokara da rigunan aiki da sharar ƙasa ana tara su a ƙona, a kai tokar matata. Wannan ya zama sana'a mai zaman kanta. Kamfanin Chimet na Arezzo, wanda ya fito daga cikin Gori & Zucchi a shekarun 1970, yanzu yana cikin manyan matatun ƙarafa masu daraja a Turai.

Me ya faru da su a zamanin Mussolini da yaƙi?

Da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci ta saka mata takunkumi. Sai gwamnatin Mussolini, mai mulkin Italiya a lokacin, ta nemi jama'a su ba da gwal ɗinsu. Ranar 18 ga Disamba 1935 mata suka yi layi suna miƙa zoben aurensu, sarauniya Elena a gaba, ana ba su na ƙarfe a madadinsa. A 1941 aka hana cinikin gwal da duwatsu masu daraja gaba ɗaya. Maƙera suka koma aikin ƙarfe da sauran abin da ya samu, wasu suka shiga ɗinkin takalma, wanda dama sana'a ce ta biyu a Valenza. Hannun dai bai mutu ba, shi ya sa da aka gama yaƙi suka farfaɗo da sauri, a daidai lokacin da farashin gwal na hukuma ke tsaye a dala 35 kowace oza, inda ya zauna har 1971.

Murjanin Torre del Greco yana da alaƙa da wanda iyayenmu suka sani?

Teku ɗaya ne ya haife su. Jan murjani na Bahar Rum ya daɗe yana ƙetare Sahara a hannun fataken Tarabulus da Ghadames zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, ta teku kuma Turawan Fotugal suka kai shi masarautar Benin, inda ya zama kayan sarauta. Mutanen Torre del Greco, waɗanda garinsu ke gindin dutsen Vesuvio mai aman wuta, masunta murjani ne da jiragensu ke kaiwa har Sardinia da gaɓar Tunisiya da Aljeriya. Da farko ɗanye suke sayarwa, wasu garuruwa irin su Livorno da Genoa su sarrafa su ci ribar. A 1790 sarkin Naples ya kafa musu dokar sana'ar, a 1805 kuma wani mutumin Marseille, Paul Barthélemy Martin, ya sami izinin buɗe masana'antar farko a garin. Ma'aikatansa suka koya suka watse, kamar dai yadda aka yi a Valenza da Arezzo. An buɗe makarantar sassaƙa murjani a 1878.

A 1875 aka gano wani makeken tarin murjani a tekun Sciacca na Sisili. Aka yi ta ɗiba har kasuwa ta cika, farashi ya karye, gidaje da yawa suka talauce. Waɗanda suka tsira su ne suka koma sayo murjanin Japan, suka kuma ƙware a sassaƙa hotuna a jikin ƙwaryar dodon koɗin teku. Tun 1994 Tarayyar Turai ta hana amfani da ƙarfen nan da ake ja ana kankare ƙasan teku da shi, yanzu masu nutso masu lasisi ne kaɗai ke cirowa.

Me ya sa gwal ɗin Italiya yawanci 18 ne, ba 21 ko 22 ba?

Saboda abin da mai sayen Turai ke nema ado ne kafin ajiya. Gwal 18 kashi 750 cikin 1000 ne zalla, sauran azurfa ne da jan ƙarfe da makamantansu, waɗanda ke ƙara masa tauri. Da wannan taurin ne ake iya yin sarƙa siririya mai rami a ciki wadda ba ta lanƙwashewa da wuri, da shi ne kuma 'yan faratan zobe ke riƙe dutse. Amma maƙeran Arezzo 'yan kasuwa ne: suna yi wa ƙasashen Larabawa 21 da 22, suna yi wa Amurka 14. Wadda ke sayen gwal don ranar buƙata ta sani cewa a kayan Italiya kuɗin aiki yana da yawa, kuma ranar sayarwa nauyi da tsarkin gwal kawai za a biya ta.

Ta yaya zan gane na gaske?

Kalmar Italy kaɗai a jikin maƙulli ba hujja ba ce, kowa na iya buga ta. Doka ta wajabta hatimi biyu. Ɗaya na tsarki, wato 750 na gwal 18 ko 585 na gwal 14 da makamantansu. Ɗayan na maƙerin: ƙaramin tauraro, lambar rajista, sai haruffa biyu na lardi. AR na Arezzo ne, VI na Vicenza, AL na Alessandria inda Valenza take, NA na Naples. An ƙara tauraron ne da dokar 1968. Sai da madubin ƙara girma ake ganinsu sosai. Hatimi ma ana iya ƙirƙirarsa, don haka gwajin mai gwal da ka amince da shi yana nan a matsayinsa.

Ta ina kayan ke biyowa har su iso mana?

Galibi ta Dubai. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daɗe tana cikin manyan masu sayen kayan Arezzo, daga can kuma 'yan sari ke rarraba su zuwa Afirka da Asiya. A 2024 Turkiyya ta zama ta ɗaya ba zato, bayan da gwamnatinta ta taƙaita shigo da ɗanyen gwal, 'yan kasuwarta suka koma sayen wanda aka ɗan sarrafa daga Italiya.

Me ya karya su bayan shekarar 2000?

Abubuwa ne suka taru. Da, in kaya sun yi tsada sai darajar kuɗin lira ta sauka, su sake araha a waje. Da zuwan yuro wannan ƙofa ta rufe. Indiya da Sin da Tailan da Turkiyya suka shigo da ma'aikata masu arha, kuma abin takaici ga mutanen Vicenza, da injinan da su da kansu suka sayar musu. A lokacin wasu daga cikin waɗannan ƙasashe suna shigar da kaya Amurka ba haraji, na Italiya kuwa ana biya. Sai gwal ya tashi daga ƙasa da dala 300 a 2001 zuwa kusan 1,900 a 2011, masu bashin nauyi suka ji a jikinsu. Rikicin tattalin arzikin 2008 ya sa Italiyawa kansu suka koma sayar da sarƙoƙin kakanninsu maimakon sayen sababbi. Daga ƙarshe bankunan da ke ba da aron suka durƙushe, Banca Etruria a 2015, Banca Popolare di Vicenza a 2017. Dubban shaguna sun rufe, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne masu yin kaya marasa suna da ake saye da awo.

Yanzu ƙananan shagunan suna nan, ko manya sun haɗiye su?

Suna nan, amma ubangida ya canja. Kamfanin LVMH na Faransa, mai kayan alatu, ya sayi Bulgari, babban kamfanin kayan ado na Roma, a 2011, kuma a 2017 Bulgari ya buɗe babbar masana'anta a Valenza, a jikin tsohon gidan gonar da ake dangantawa da Caramora. A 2022 LVMH ya sayi rukunin Pedemonte, wanda dama tarin shagunan yankin ne. Kamfanin Richemont na Suwizalan ya sayi wasu kamfanonin kayan ado na Italiya, Buccellati a 2019 da Vhernier a 2024. Aiki ya dawo garin, har ya yi yawa, musamman ga masu dasa duwatsu, aikin da har yanzu sai da ido da hannu.

Matsalar ƙaramin shago yanzu biyu ce. Da yawa sun koma yi wa babban kamfani ɗaya tak aiki, shi ke kawo zane, shi ke yanka farashi, sunan mai shagon ba ya fitowa a jikin kaya, kuma ranar da odar ta tsaya babu wani mai saye a hannu. Ta biyu ita ce yara. Matashin da ya gama makarantar koyon sana'ar a Valenza yana da zaɓi tsakanin teburin kawunsa da masana'antar da ke da albashi tsayayye da hutu da wurin cin abinci, kuma manyan kamfanonin sun buɗe makarantunsu a cikin gida don su kama shi tun kafin ya fito. Ma'aikacin da ya koyi aiki a irin wannan wuri bai cika fita ya buɗe nasa ba, domin mataki ɗaya ko biyu na aikin aka koya masa, ga kuma gwal da ya haura dala 4,000 kowace oza a 2025.